Akwatin Kallo da Totuwar Dada

Ƙanina Nasiru ya kira ni daga Bebeji, ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba ya jefo tambayarsa. "Yaya Sabi'u, wannan ɗan akwatin da ka maƙala wa talabijin ɗinka, yana da kyau kuwa? Yara sun hana ni sakat sai na sayo musu." Na ce ya bari zan neme shi. Ya ce, "Kai dai ba ka iya gajeriyar amsa ba. E ko a'a kawai nake nema." Gaskiyarsa ne, ban iya ba. Duk wanda ya tashi a hannun Dada ba ya amsa tambaya sai ya zagayo ta bayan dutse.

Bari dai in fara da akwatin, tunda shi aka tambaya. Bai kai sabulun wanki girma ba. Ana soka wayarsa a bayan talabijin, a jona shi da datar wayar hannu, shi ke nan sai allo ya cika da hotuna reras. Akwai fim, akwai ƙwallo, akwai katun na yara, akwai tafsirin malamai na azumin da ya wuce, har yadda ake rainon irin tumatir na taɓa gani a ciki. Hoton fes yake, an huta da hawa rufi ana juya eriya ana ƙwala wa na ƙasa kira, "Ya yi?" Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, batirin solar gidana yana ɗaukarsa da talabijin ɗin ba tare da ya yi nishi ba.

Aibinsa kuwa, data yake ci kamar fara ta sauka a gonar gero. Rimot ɗinsa ɗan mitsitsi ne, rabin zamansa a ƙarƙashin kujera yake yi. Yana da wani maɓalli da ake dannawa a yi masa magana ya nemo abin da ake so, amma Hausa ba ta shiga kunnensa. In hadari ya haɗu sabis ya yi rauni a nan Tudun Wada, sai hoton ya tsaya cak, wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar allo yana ta juyawa. Sannan yana da wani hali da ban lura da shi ba sai daga baya: in abin da ake kallo ya ƙare, ba ya jiran kowa ya ce a ƙara, da kansa yake ɗora wani. Wannan halin ne ya mayar da ni garinmu Ɗansoshiya, ƙofar ɗakin Dada.

Dada kakarmu ce ta wajen uba. Bafulatana ce daga wata ruga a gindin duwatsun Doguwa, kakanmu ya auro ta ya kawo ta cikin manoma. Ta tsufa a cikinmu amma Hausarta ba ta miƙe ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, ta ce ta yi rashin sa'ar miji, rago ne kuma ga manyan kunnuwa. Ni kuma in ce na sake ta, tuwonta ba ya tauri. Haka muke yi kullum, kuma duk gidan babu wanda nake so kamarta.

Dada ba ta tatsuniya sai da kaka, lokacin da masara ta shigo gida aka jibge ta a tsakar gida. A zamanin babu injin ɓarar masara a garinmu, da hannu ake yi. In an yi magariba an ci tuwo, sai ta fito da kaskon wutarta ƙofar ɗaki, ta sa ɗan garwashi kaɗan a ciki, ta zauna a kan buzunta. Itace ba ya shiga kaskon nan. Totuwa kaɗai yake ci, kuma totuwar da muka ɓare da hannunmu a wannan zaman. Dokarta guda ce: muddin wuta na ci, bakinta na magana. Da harshen wutar ya kwanta, ita ma ta yi shiru, ko da kura ta buɗe baki za ta cafke wani ne a cikin labarin.

Kowa ya san totuwa ba ta da jimiri, bal take kamawa ta cinye nan da nan. Don haka mu jikoki muke zagaye kaskon, kowa da kwanonsa a cinya, ana goga masara da totuwa, ƙwaya na zuba. Babban yatsa ya yi ja, wani lokaci har ya tashi. In labari ya yi daɗi hannu ya manta da aiki, sai ka ga wuta ta fara lumshewa, Dada ta fara jan magana a hankali, a hankali, tana kallon kaskon ta wutsiyar ido. Sai ihu ya tashi, "Ku jefa! Wa ke da totuwa?" Nasiru ƙwararre ne wajen sato tsohuwar totuwa daga bayan rumbu ya ɓoye a riga. Dada takan karɓa ta shinshina, ta wurgar da ita. "Wannan ta jiya ce, ƙaramin ango. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ko buɗe tatsuniyarta daban yake da na sauran tsofaffi. Takan ce, "Ga ta can ta gangaro daga kan dutse." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri." In mutum ɗaya bai amsa ba, ba za ta fara ba. Sai ta kira sunansa, ta tambaye shi ko cikinsa ke ciwo, ko an doke shi a makarantar allo ne. Sau da yawa a nan ake gano wanda zazzaɓi ya kama.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta ƙwaryar da ba a tatsa. Wai an yi wani yaro a ruga, mai manyan kunnuwa. Da ta faɗi haka kowa ya juyo ya kalle ni, aka fashe da dariya, ita kuwa ko gezau. Yaron nan shi ke tatsar shanun gidansu. Kowace saniya da sunanta, kuma ba ta sakin nono sai ya kira sunan ya shafa wuyanta. Kullum cikin raɓa, kullum cikin sanyi, har ya gaji. Ran nan sai ga wani mai tallan ƙorai wanda ba a san garinsu ba, ya ba shi wata ƙwarya da faifanta, ya ce kyauta ce. Da an ɗaga faifan, sai a tarar da ita cike da nono mai ɗumi, a sha a rufe, a sake buɗewa a tarar ta cika. Yaro ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Ya daina zuwa garke, ya kwanta a bukka yana buɗewa yana rufewa. Shanu suka yi ta kuka da safe, babu wanda ya kira su. Suka yi, suka yi, har suka daina.

Rani ya yi tsanani, ƙwarya ta tsage, ya ɗaga faifai ya ga wayam. Ya ruga garke, babu komai sai igiyoyi a ƙasa. Ya bi sawu har cikin daji, ya hango su tsaye a inuwa, sun yi baƙi, ƙahonninsu sun yi kauri. Ya buɗe baki zai kira, ashe sunayen sun zube daga harshensa, ko ɗaya bai tuna ba. Suka dube shi kallon baƙo, suka juya suka shige duhuwa. "Su ne ɓauna," in ji Dada. "Shi ya sa har gobe ɓauna ba ta amsa kira." Sai ta tura ƙafa ta rufe garwashin da toka, ta ce, "Kan kusu ya ƙone, saura toka. Kowa ya kai kwanonsa rumbu." A ranar na yi kuka a ɓoye, don tausayin yaron, kuma don na san da wa take.

Shekaru suka tura. Na yi karatu, na samu aikin koyarwa a Tudun Wada, na yi aure, Allah ya ba mu Ummi da ƙaninta Abba. Iyayenmu suka rasu suka bar Dada, ta yi tsawon rai har ya zama 'ya'yanta duk sun riga ta. Idanunta suka yi hazo, ƙafa ta ƙi. Bara da damina na je na ɗauko ta da ƙyar da jiɓin goshi, da sunan za a duba mata ido. Niyyata ta zauna ke nan, don a Ɗansoshiya babu wanda ya rage da zai ɗebo mata ko ruwan alwala. Ina kuma so 'ya'yana su san ta, su san ba daga sama ubansu ya faɗo ba.

A lokacin akwatin bai daɗe da zuwa gidan ba, yana kan ganiyarsa. Yara su dawo daga makaranta, su ce "Dada ina wuni" a guje ba tare da sun tsaya jin amsa ba, su zube gaban allo. Matata Hadiza ta shimfiɗa mata tabarma a falo don kada ta yi kaɗaici, amma zaman ya fi kaɗaicin ciwo, domin kowa ƙeya ya juya mata. Ba ta ganin hoton, sai walƙiyarsa. Takan saurara na ɗan lokaci, sannan ta yi tambaya.

"Maigida, wannan abin tatsuniya yake yi musu?"

"Kusan haka ne, Dada."

"Da rana tsaka? Mu dai an ce mana mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa." Can ta ce, "Ban ji sun amsa masa ba."

"Ba a amsa masa."

"To in yaro ya yi barci, yana sani?"

Na ce ba ya sani, ci gaba yake yi. Ta gyaɗa kai. Na so ta zage shi, ta tsine masa irin yadda tsofaffi ke yi, da na samu abin musu. Ba ta yi ba. Kawai dai magana ta riƙa raguwa a bakinta, har wasan Maigida ya ɗauke.

Da kaka ta kama, wata safiya na tarar ta ɗaure kayanta a zani, ƙullin yana gefenta. Ta ce in nemo mata mota. Na durƙusa na ce, "Dada, me aka yi miki? Hadiza ce? Yaran ne?" Ta ce, "Babu wanda ya yi min komai, Allah ya yi musu albarka. Ina ci ina sha. Amma gidan da ba a kiran mutum, ba gidansa ba ne. Can ko kaji sun san muryata." Na roƙe ta ta ba ni mako guda. Na fita raina a jagule, don na san in ta koma ba za ta ga wata damina ba, kuma ita kaɗai za ta mutu a ɗakin nan.

Hadiza ta ce in cire akwatin in ɓoye. Na ce in na yi haka, yaran za su ɗora wa tsohuwa laifin, su riƙa kallonta a matsayin wadda ta raba su da katun. Na kwana biyu ina juya abin, sai ran kasuwa na ga masu masara sun jibge ta a bakin hanya suna jiran inji. Na ce a auna min buhu guda yadda take, kada a ɓare. Mai masarar ya dube ni ya ce, "Malam, ga inji nan fa, yanzu-yanzu za a gama maka." Na ce na gani. Na biya wajen masu tukwane na sayi kaskon wuta. Da na shigo gida Hadiza ta riƙe haɓa. "Baban Ummi, a cikin gari, da digirinka, za ka zauna ɓarar masara?" Na ce ta dai sammini garwashi.

Ban kashe akwatin ba, kuma ban kira kowa ba. Bayan magariba na ajiye kaskon a ƙofar ɗakin Dada, na zauna da kwano a cinya na fara gogawa. Hannun ya manta aikin, alli ya lalata shi. Da totuwar farko ta kama, ƙamshin hayaƙinta ya shiga ɗakin, na ji motsi. Ta fito da rarrafe, ta lalubo masara guda ta murza a tafinta. "Wannan ba ta gama bushewa ba. An cuce ka, Maigida. Dama can kai ba ka iya sayayya ba." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

A falo kuwa Allah ya taimake ni, sabis ya yi halinsa. Abba ya fito yana ƙunƙuni, wai zoben nan ya fito ya ƙi tafiya. Dada ta tambayi abin da ya samu abin nasu, na ce jira yake data ta iso masa. Ta yi dariya har da tari. "Ashe shi ma sai an jefa masa totuwa!" Abba ya tsaya yana kallon wuta. Ummi ta biyo shi, ta tambayi me nake yi. Na ce sayen tatsuniya nake yi, na gaya musu dokar. Ummi ta ce ita ba ta yarda ba, wai mutum ya yi shiru don wuta ta mutu. Na miƙa mata kwano na ce ta gwada.

"Ga ta can ta gangaro daga kan dutse," in ji Dada. Ni kaɗai na amsa. Ta ƙi farawa. "Ummi, cikinki ke ciwo? Abba fa, ko barci yake?" Na raɗa musu abin da ake cewa, suka faɗa suna ƙyalƙyala dariya. Na zaro wayata a hankali zan ɗauki muryarta, ashe ta ji ƙwayar masara ta daina zuba a kwanona. "Ajiye abin nan. Hannun da ke riƙe da waya ba ya ɓarar masara." Na ajiye. Shi ya sa yau ba ni da muryar Dada a ko'ina sai a kaina.

Ƙwaryar da ba a tatsa ta ɗauko. Amma yaro mai manyan kunnuwa ya tafi, yarinya ce yanzu, mai wushirya. Ummi ta rufe bakinta da hannu. Komai ya tafi yadda na sani, mai tallan ƙorai, faifai, kukan shanu da safe. Sau biyu wuta ta lumshe, sau biyu Dada ta ja bakinta ta tsuke, yaran suka rikice suna gogar masara kamar za su cire yatsu. A falo sabis ya dawo, akwatin ya ci gaba da surutunsa shi kaɗai, babu wanda ya waiga. Aka zo daji, yarinya ta buɗe baki, sunaye sun zube. Na sunkuyar da kai ina jiran ɓauna su juya.

Sai na ji Dada ta ce, "Amma akwai wata tsohuwar saniya, gurguwa, da ba ta iya bin sauran da sauri. Tana baya-baya, tana waiwaye. Yarinya ta dafe kai ta yi ta tunani, sai sunan wannan guda ɗaya ya faɗo mata. Ta kira. Tsohuwa ta tsaya. Ta sake kira. Tsohuwa ta juyo tana ɗingishi, ta zo ta sa kanta a kafaɗar yarinya. Nononta bai fi ludayi guda ba, amma shi ya raya gidan har ruwa ya sauka."

Na kasa haƙuri. "Dada, ba haka kika faɗa mana ba. Mu cewa kika yi duk sun tafi."

"Ku ai masu taurin kai ne, sai da tsoro," ta ce. "Waɗannan ba su yi laifin komai ba. Ba a koya musu kira ba ne."

Ummi ta tambayi sunan tsohuwar saniyar. Dada ta ce totuwa ta ƙare, sai wani jiƙon. Washegari ƙullin kayan ya koma ƙarƙashin gado, ba a sake maganar mota ba. Buhun nan ya ƙare na sayo wani. Yara suka raba lokacinsu da kansu, katun da la'asar, kasko bayan magariba, har 'ya'yan maƙwabta suka fara zuwa da kwanoninsu. Hadiza da ta yi min dariya ita ta fi kowa saurin hannu. Dada ta yi sanyin nan duka tare da mu, ana kiranta daga kowane lungu na gidan har tana cewa an dame ta. Kafin ruwan farko ya sauka ta rasu, a ɗakinta, Ummi na riƙe da hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan a kan lalaci take, dabara ce ta sa mu ɓare masarar gida ba tare da an doke mu ba. Kuma dabarar ce, ba na musu. Sai da na ga tsohuwar nan zaune a falona kowa ya ba ta baya, sannan na gane kukan shanun da safe take nufi. Akwatin ba shi da mugunta, ƙwarya ce mai cika kanta, kuma nononta da daɗi. Abin da ba ya yi shi ne ya dubi fuskar yaro ya sauya ƙarshen labari saboda shi. Wannan amsar zan ba Nasiru: ya saya, yana da kyau, ya lura da data, ya ɗaura wa rimot ɗin zare. In zai dawo daga kasuwa kuma ya haɗo da masarar da ba a ɓare ba. Shi da ya sha satar totuwa zai gane.

Da masarar bana ta shigo, Ummi ce ta jawo kaskon daga bayan ɗaki ta ajiye a gabana. Abba ya ce, "Baba, mayar mana da ta saniya, daga farko." Haka yake cewa in yana son a maimaita masa katun. Na ce wannan ba ta da maɓallin komawa baya, sai dai in gwada da bakina. Na ce ga ta can ta gangaro daga kan dutse, suka share mata wuri. Na yi ta lalube, ina tsallake wani wurin suna gyara min, har muka iso daji, tsohuwar saniya tana baya tana waiwaye. Na ce, "Sai yarinya ta tuna sunanta, ta kira ta, ta ce..." A nan na tsaya, domin sai lokacin na tuna Dada ba ta taɓa faɗa mana sunan ba.

Ummi ba ta ɗago kai daga kwanonta ba. Ta ce, "Dada." Ta sake cewa da ɗan ƙarfi, yadda ake kiran wanda ke cikin ɗaki, "Dada!"

Wuta ta fara kwanciya. Hadiza ta miƙo hannu ta jefa totuwa biyu, ta ce, "Ci gaba, Baban Ummi. Ai ta juyo."